Wutar da ta mutu cikin kwalba

Shekarar da aka ce Nasara sun sakar mana ƙasarmu, ƙanena ya zo hutu garinmu Gidan Sori daga lakol, makarantar boko ta Gidan Rumji. Tun yana ƙarami dogarin sarki ya zo neman yaro guda a gidanmu don lakol, Baba ya miƙa shi, ni na zauna ga gona. Ya dawo da gajeren wando da baki cike da labarin wani Bafaranshe.

Wai mutumin ya mutu tun kafin kakannin kakanninmu. Komai ya samu sai ya ɗora a ma'auni, har iska bai bari ba. Shi ya gano iskar nan ba abu ɗaya ba ce, akwai rabon da wuta ke ci, kuma shi muke shaƙa. Daga baya mutanensa suka sare masa kai. Na ce sun yi daidai, ko ni ne sai na sare.

Da la'asar yaron nan ya kafa guntun kyandir a tasa, ya zuba ruwa, ya kunna, ya kifa kwalba mai faɗin baki. Wutar ta yi ƙasa ta mutu, ruwan ya hau cikin kwalbar ba wanda ya taɓa shi. Baba, wanda bai taɓa tsayawa duba kunyar da na ja a gona ba, ya durƙusa har gemunsa na taɓa tasa.

"Sake mu gani," in ji shi.

Aka sake. Aka kira maƙwabta aka kuma sakewa. Ni da na yini ina noman gero har tafin hannuna ya tsage, sai ga ni mai ɗebo musu ruwan tasa. Kishi ya cika ni. Ba kwalbar na tsana ba. So nake in san abin da ya sani, Baba ya durƙusa mini ni ma.

Da safe na sami Baba yana gyaran ƙotar hauya a bakin rumbu. Na ce in hutu ya ƙare, ni ma lakol za ni.

"Ka yi girma, mushe malamin lakol ba shi ɗaukar mai gashin baki."

"To don mi ba ni kuka ba dogari ba? Ni ne babba."

Ya daɗe yana fiƙe icen, bai dube ni ba.

"Lokacin nan wanda duk aka kai lakol, cewa muke ya tahi ke nan, ya zama na Nasara. An ce in ba da guda. Sai na ba da wanda zan iya haƙurin rashinai."

Na juya, sai ga ƙanena tsaye a bayanmu, ya kawo wa Baba fura. Ya durƙusa ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya ce, "Ga hura, Baba." Hutu bai ƙare ba ya nemi jakin da zai mai da shi Gidan Rumji.