Gwaggo Hajo da Sallamar Kwana Uku

Ku da kuka saba karanta wannan shafi kun san Gwaggo Hajo ba ta amsa wa mutum magana sai ta gaishe shi. Abin da ba ku sani ba shi ne, ni ce mai buga gaisuwar. Ni ɗiyar ƙanenta ce, kuma tun da ta yi ritaya daga koyarwa a firamare ta buɗe shafin nan, ita ke faɗa ni ke rubutawa, a kan tabarma a tsakar gidanmu na Ƙofar Durbi. Mutum zai rubuto cewa rubutu ya yi kyau, shi ke nan. Gwaggo sai ta gyara zaman tabarau, ta sa in tambaye shi kwana, da gajiya, da aiki, da iyali, da mutan gida. Na taɓa ce mata a intanet ba a yin haka. Ta ce, "To su mutanen intanet ɗin ba haihuwarsu aka yi ba?"

Akwai wani mai yawan sharhi da ya sa hoton zaki a madadin fuskarsa. Gwaggo ta ƙi kula shi, ta ce ita ba ta gaisawa da dabba. Sai da bawan Allah ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, sannan ta yi masa sannu da zuwa, ta kuma sa aka aika masa daddawa har Fatakwal.

Ni ma ban tsira ba. Na daɗe ina roƙonta ta bar ni in sa waƙata a shafin, wata 'yar waƙa a kan hasken farin wata bisa tsohuwar ganuwa. Ta yarda. Mutane suna ta yabo, zuciyata fari ƙal, sai ta ce in buga nata sharhin. Da yatsuna na rubuta wa duniya cewa waƙa ta yi daɗi, amma mai waƙar ta bar shinkafa ta ƙone tana kallon sama. Na ce ba zan tura ba. Ta ce ita tsawon shekarunta a aji ba ta taɓa ɓoye wa iyaye sakamako ba.

Amma wadda ta fi ba ni wahala ita ce maganar Malama Rabi ta Damagaram. Tsohuwar malama ce ita ma. Ba su taɓa ganin juna ba, a shafin nan suka haɗu, har ta kai Gwaggo na cewa ita ce 'yar'uwar da Allah ya ajiye mata a bayan iyaka. Kullum suna rubuta wa juna dogayen labarai na tsofaffin ɗalibai da ciwon gwiwa. Wata rana Gwaggo ta yi rubutu mai tsawo a kan ranarta ta ƙarshe a aji, wanda ta yi hawaye tana faɗa mini. Malama Rabi ba ta ce komai ba, hoton babban yatsa kawai ta danna.

"Yatsa? Ni Rabi za ta nuna ma yatsa? Toshe mani ita."

Na toshe. Na tuna mata cewa addini ya hana gaba fiye da kwana uku, ina zaton na kama ta. Ashe hanya na ba ta. Duk kwana uku sai ta sa in buɗe Malama Rabi, in rubuta mata assalamu alaikum, in sake toshewa tun kafin ta amsa. Ta ce ta sauke farali. Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, aka yi girbi. A tsakani kuma sai ta sa in leƙa ta wayata in gano mata ko matar nan tana lafiya, wai ba don ta damu ba.

Gwaggo ba ta da lafiya, tana kwance a asibiti ranar sallama ta zagayo. Na buɗe, na rubuta, ina jiran umarni, sai barci ya ɗauke ta. Cikin wannan ɗan tsakanin saƙo ya shigo daga ɗiyar Malama Rabi. Ta ce tun lokacin wancan rubutu mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, yatsan nan shi kaɗai take iya dannawa. Duk sallamar da ta zo sai ta yi ta fama ta amsa, ta tarar an rufe ƙofa.

Da Gwaggo ta farka na karanta mata. Sannan ta karɓi wayar da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in nuna mata inda yatsan yake. Ta danna. Can sai wani yatsan ya dawo daga Damagaram. Ta share ido da gefen mayafi, ta harare ni.

"Ke ma dai kin cika saurin toshewa."

A makon Gwaggo ta rasu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Malama Rabi kuma Allah ya ba ta lafiya. Tunda bai ƙaddara su ga juna a nan ba, ya haɗa fuskokinsu a Aljanna. Amin.