Dukushin Da Ya Tare Wa Alhaji

Da Baba ya rasu ya bar mana gida a tsohon garin Lafiya, da wata tsohuwar goɗiya, da ɗanta dukushi wanda ko nono bai gama bari ba. Goɗiyar ba ta jima ba ta bi mai ita. Sai ya rage dukushin shi kaɗai a bayan gida, ja mai farin goshi, da dogayen ƙafafu kamar an ara masa.

Ni nake ba shi abinci, don tun ina yarinya ni ce 'yar rakiyar Baba zuwa turke. Kullum na taso daga makarantar da nake koyarwa sai na biya, in dama masa dusa da 'yar kanwa, in cire masa kaska. Yana jin takuna zai fara haniniya. Amma riƙe shi ya fi ƙarfina. Gidan haya nake da mijina, ko kaza mai gidan ba ya bari a ajiye. Yaya kuma, babban wanmu, ya ƙudura fasa katangar baya ya gina shaguna. Dole dai a samo wa dukushi gida, ni kuwa na ɗaura ɗamara sai na kirki.

Masu so ba su yi wuya ba. Wani mai hoto ya zo, wai zai riƙa ɗora yara a kansa ranar Sallah, dabbar da bayanta bai ko ƙosa ba. Wani ko fuskarsa bai duba ba, cinya ya kama yana matsawa kamar mai tayin rago, sai daga baya na ji ashe lodin dabbobi yake yi zuwa kudu. Na kore shi, ban ko ba shi ruwa ba.

A ƙarshe wata abokiyar aikina ta kai ni wajen kawunta a Doma, dattijo manomin shinkafa mai fili a bakin fadama. Na ga ciyawa shar, na ga inuwar mangwaro, na ga shanunsa sumul-sumul. Ya ce, "Malama, ka kawo shi. Ciyawa yana nan, ruwa yana nan. Ba wanda zai hau shi sai ya girma." Na dawo gida raina fari tas.

Na kai wa Yaya labari, yana saurarena har na gama, sannan ya ce ai ya riga ya bayar. Wani Alhaji ne abokinsa, babban ɗan kasuwar riɗi, ya nuna yana so.

Na ce, "Yaya, ka taɓa ganin inda zai ajiye shi?"

Ya ce, "Ke dai akwai neman magana. Gidan da ake cin nama kullum kike gudu, ki kai shi ƙauye? Na riga na faɗa, ba za ki mai da ni ƙaramin mutum ba."

Na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Aka zo da a-kori-kura aka tura shi ciki, yana zamewa yana waiwaye.

Bayan 'yan makonni na kasa haƙuri, na tari Keke na je gidan Alhajin. Gida kam gida ne, doguwar katanga, tsakar gida shimfiɗe da bulon intalok, motoci a jere suna ƙyalli. Na tambayi maigadi ina doki, ya zaga da ni baya. Wari ne ya fara tarbata. Wani lungu ne tsakanin ɗakin janareto da ramin masai, ƙasansa siminti, ba ko ƙwayar yashi. An ɗaure shi da guntuwar igiya wadda ko kwanciya ba za ta bar shi ya yi ba. Yana tsaye cikin kashinsa da fitsarinsa, kofatansa sun jiƙe sun yi laushi, ƙudaje sun yi baƙi a gefen idonsa. A gabansa wani baho ne cike da ragowar dafa-duka da ta yi yami, har da ƙashin kaza da ledar ruwa. Hayaƙin janareto kuwa a fuskarsa yake sauka. Abu ɗaya ne sabo a jikinsa, wasu layu da aka rataya masa a wuya, ɗinkinsu tsaf.

Ya ɗago ya dube ni, bai yi haniniya ba.

Maigadin ya yi ƙasa da murya ya ce, "Madam, ba shi ne na farko ba. Duk doki da ya shiga nan, ba ya fita da ƙafa."

Na wuce falo kai tsaye. Alhaji ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Na ce, "Alhaji, dabbar nan mutuwa za ta yi. Dubi yadda ya rame."

Ya yi murmushi irin na babba da ƙaramin yaro. Ya ce, "Ƙanwata, ramar nan da kika gani ba yunwa ba ce, aiki yake yi. Kin san kasuwa, maƙiya sun yi yawa. Duk jifan da aka yo mini, a kansa yake sauka. Da kin gan shi ya yi ƙiba, ai ni ya kamata ki ji wa tsoro."

Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Mutanenmu da yawa sun yarda doki a gida yana tare wa mai shi mugun abu, ko Baba yakan faɗa yana dariya. Amma Baba da hannunsa yake wanke goɗiyarsa, in ba ta ci ba shi ma ba ya jin daɗin tuwo. Wannan kuwa ba dabba ya ɗauka ba, bola ya samu ta zuba tsoronsa. Lemon nan ko taɓa shi ban yi ba, ƙyamar kofin ma nake ji.

Na roƙe shi ya ba ni abina, ya ce kyauta ba ta komawa. Na koma wajen Yaya, ya ce in daina shiga gidan mutane. Sai na riƙa sayen harawa ina kaiwa a Keke, in share lungun da kaina, in shafa masa man kaɗanya inda igiya ta ci wuyansa. Ya ɗan fara ɗago kai. Ran nan na je maigadi ya tare ƙofa, yana kallon ƙasa. Wai malamin Alhaji ya ce ba kowane ido ya kamata ya riƙa ganinsa ba, kuma abincin waje yana karya aiki. Na tsaya a bakin get da damin harawa har mai Keke ya gaji ya fara yi mini hon.

Damina na tsaka Yaya ya aiko a kira ni. Na tarar da Alhaji a zaure, ya sha babbar riga, turare ya cika ko'ina, ga turmin atamfa da ƙullin goro a gabansa. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ya ce, "Ƙanwata, godiya na zo yi. Jiya dokin ya faɗi. Malam ya ce abin da aka turo ba ƙarami ba ne, da ni ya samu da yanzu kuna zaman makokina."

Yaya ya ce, "Allah Ya ƙara tsarewa."

Na tambaya ina aka binne shi. Alhaji ya yi dariya, ya ce ai masu kwasar shara sun yi gaba da shi tun da safe. Sannan ya turo atamfar gabana da yatsa, ya ce tunda na san dawaki, in taimaka in nemo masa wani, amma ƙarami kamar wancan, don ƙanana sun fi saurin ɗauka.

Ban ko kalli atamfar ba. Yaya ya harare ni ya ce, "Ke, ba ki iya godiya ba ne?"

Na buɗe baki, amma abin da ya taso mini daga ciki ba magana ba ce. Na toshe bakina da gyale na fita da gudu.