Kwalbar Ranar Litinin

Yayata ba fuskar mutum take fara kallo ba, ƙugunsa take kallo. Shekara ashirin da biyu tana binciken ƙiba da ciwon suga a jami'a, har ɗalibai suka laƙaba mata Mai Awo saboda tef ɗin da ba ya barin wuyanta. Yau waɗannan ɗaliban manyan likitoci ne, kuma duk wanda ka je asibitinsa sai ya zagaya maka tef a ciki kafin ya tambayi abin da ke damunka. A wurinta suka koya.

Ba haka kawai ta faɗa wannan aiki ba. Suga ne ya ci ƙafar Ummanmu, daga ɗan ƙurji a tsakanin yatsu har aka yanke ta daga gwiwa. Ni da Yaya muke duba mata ɗaya ƙafar kowace safiya, yatsa bayan yatsa, har Allah ya karɓi abarsa. Ni na ɗauko jikin Umma, Yaya kuwa siririya ce kamar tsinken tsintsiya, don haka ni ake yi wa wa'azi. Ko gaisawa ba mu gama ba za ta ce, "Ke dai rage cin nan." In ce, "Haba Farfesa, a bar ni in mutu da ƙoshina mana."

Tana da wata al'ada a ɗakin gwaji. Duk Litinin, kafin a sa jinin kowa a babban injin auna suga, sai ta zo ba ta karya ba, ta miƙa hannu a ɗebi nata. Wai ta san jininta, lambarsa ba ta motsi, in ta fito daidai to injin lafiya lau yake. Mai kula da injin, wani dattijo mai gilashi, ya sha gaya mata akwai ruwan gwaji da masu injin suka tanada don haka. Ina! Ta ce ta fi yarda da nata.

Wata Litinin da safe ina shagona ina yankan yadi sai ga wayarta. "Zo ofis yanzu, kada ki ci komai." Muryar ba irin tata ba ce. Na ajiye almakashi na fita.

Na same ta tsaye a gaban injin, dattijon na gefe yana ta goge gilashinsa. Ta ce mako huɗu ke nan lambarta na hawa, injin ya lalace, kuma ba ta san tun yaushe ba. Jinin mutum dubu biyu ya bi ta cikinsa a shekara uku, digirin ɗalibanta huɗu a kansa ya dogara. In ƙarya yake yi, duk wannan aikin sai kwandon shara.

"An auna ki a asibiti watan jiya, na san lambarki," in ji ta. "Kawo hannu mu kama shi."

Na ce, "To Yaya, in kuma ba ƙarya yake yi ba fa?"

A lokacin na lura da gorunan ruwa uku a kan teburinta, duk ta shanye. Na dubi siket ɗin da na ɗinka mata bara, ta kama ƙugunsa da fil. Ni tela ce, na san abin da hakan ke nufi. Wallahi haka Umma ta fara, da ƙishirwa da rama.

Dattijon ya sa kwalba uku: tawa, tata, da ruwan masu injin. Injin ya hau gurnani. Na rasa addu'ar da zan yi. In roƙa mata aikin ya tsira, na roƙa mata ciwo ke nan. In roƙa mata lafiya, na rushe mata shekara uku. Na dai yi ta salati a zuci.

Takarda ta fito. Dattijon ya karanta, ya sake karantawa. Ruwan gwaji daidai. Nawa daidai da na asibiti. Nata kuwa ya yi sama sosai. Ya miƙa mata takardar ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ranki ya daɗe, injin ba shi da laifi."

"Alhamdulillahi," in ji ta, "yara za su yi digirinsu." Har da ɗan murmushi. Kamar in shaƙe ta don haushi!

Ta ce wa dattijon ya ɗan ba mu wuri. Da ya ja ƙofa ta zauna a kujera, ta cire takalmi, ta ɗora ƙafarta a cinyata.

"Duba min," ta ce a hankali. "Tsakanin yatsun. Kada ki tsallake ko ɗaya."