Zumar Banyo don maƙogwaron Yaya

Tun ranar da na haifi ɗana nake cikin wannan fargaba, tun bai yi komai ba. Da ya faɗo ya yi kuka, ungozoma ta ce, "Kai! Wannan jariri ne ko ɗan dorinar Binuwai?" Inna, mahaifiyata, tana bakin ƙofa, ta ce, "Muryar kawunsa ce." Kowa ya yi dariya. Ni gabana ne ya faɗi, don na san inda wannan murya take kai mutum.

Kawun nasa yayana ne, ya ba ni shekara goma sha biyu. Ina ƙarama, in an yi hutun makaranta, shi ke kiran fasinja a tashar motocin Pitowa, nan Garwa. In ya ce "Pitowa! Pitowa! Saura mutum ɗaya!" har rumfar Baba a layin 'yan atamfa muke jiyo shi. Direbobi faɗa suke yi a kansa. A tashar nan wani malamin kiɗa ɗan kudu ya ji shi, ya fasa tafiyarsa, ya biyo shi gida.

Baba ya bar malamin ya gama Faransancinsa tsaf, sannan ya ce, "Gaya masa kakanninmu da fatauci suka zo daga Kano, ba mu taɓa haifar maroƙi ba." Yaya ne tafinta. Da bakinsa ya fassara hukuncin da aka yanke masa. Duk da haka ya tafi. Yawunde da fari, sai Faransa, sai Italiya, sai Jamus, sai wasu ƙasashen da harshena ba ya iya juya sunansu. Abin da yake yi opera ake ce masa, wasan kwaikwayo ne wanda ba a magana sai waƙa, kuma babu lasifika, mutum da ƙirjinsa kawai zai cika ƙaton zaure. Masu murya irin tasa, mai kauri amma ba can ƙasa ba, su ne bariton. Ni a aji huɗu na tsaya, yadda ya gaya mini nake faɗa.

Inna ba ta ce masa je ka ba, ba ta ce zauna ba. Zuma ta shiga haɗa masa. Duk shekara wani ɗan tireda yakan kawo mata zumar Banyo, baƙa, mai ƙamshin hayaƙi. Ni ke dakan citta da kanumfari da masoro, ita ta tankaɗe, ta juya a kwalba, ta ɗaure bakin da leda, ta naɗe da tsohon ɗankwali. Sai cigiyar matafiyi. Kwalba takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta isa: direba, ɗalibi, matar wani soja. Wata shekara ta fashe a jakar wani alhaji, ya daina gaishe mu har aka yi azumi.

Ranar da muka fara ganinsa a waya ba zan manta ba. Bayan la'asar ne, gindin dalbejiyar tsakar gida. Ga Yaya da jar alkyabba da takobi, yana waƙa da wani yare, ƙarfen wayar har rawa yake a hannuna. Baba ya ba mu baya yana jan carbi, wai shi ba ya kallo. Can sai wani siririn Bature ya zaro wuƙa ya soka masa. Yaya ya faɗi, ya yi waƙa kaɗan a kwance, ya yi shiru. Mutane suka kama tafi.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Sun kashe shi! Sun kashe mini ɗa suna tafi!"

Baba ya yar da carbi. "Ba ni wayar nan!"

Yana karɓa sai ga Yaya ya miƙe, ya kama hannun wanda ya soke shi, suna rusunawa tare. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗan banza. Ko mutuwar ma bai iya ba." Amma sau biyu ya sa na maimaita masa.

Da Yaya ya kira, Inna ta ce, "Kai, sau nawa suke kashe ka?"

"Sau uku a mako, Inna. Har da ran Lahadi da rana."

"Duk garin babu wanda za a kashe sai kai?"

"Masu irin muryata mu ne mugaye. Mai siririyar murya shi ake ba yarinyar."

"To Allah ya ƙara," in ji Baba daga nesa.

Ɗana na kai shekara uku ya fara waƙa a wajen wanka, yana dukan bokiti. Sai in ce yi shiru, maƙwabta na barci, alhali rana tsaka ce. In Yaya ya kira, in tura shi gidan maƙwabta kada kawunsa ya ji. Inna ta lura. Ta ce, "Ke, murya ba kaza ba ce da za ki kife ta da kwando." Duk da haka ban daina ba.

Bara da bazara Inna ta rasu. Da hantsi ta cika, kafin la'asar an kai ta. Yaya yana wata ƙasa, bai iso ba sai bayan kwana ashirin. Yana zaune a tabarma kusa da Baba, ya rame, furfura ta fito masa a gemu, sai ɗana ya ɗauki waƙarsa a bayan katanga. Yaya ya ɗago kai. Na tashi da sauri.

"Bar shi, ƙanwata."

"Ba zan bar shi ba, Yaya. Ka san waɗanda suka ɗauki makarar Inna? Maƙwabta."

Baba ya kira sunana da ƙarfi. Yaya ya ce, "Ƙyale ta, Baba, gaskiya ta faɗa." Ya buɗe jakarsa ya fito da kwalbar ƙarshe, zumar ta koma ƙasa, ɗankwalin Inna na naɗe da ita. Ya ce da bakin cokali yake lasa yanzu, ranar wasa kawai, don babu wanda ya san haɗin sai ita. Ni na sani. Tun ina shekara tara nake dakan nan. Na ɓoye masa har ya koma.

Da damina tari ya kama ɗana, muryarsa ta dishe, kwana huɗu ba ya iya ko kirana sai ya ja mini zane. Gidan ya yi tsit, bokiti ba mai duka. Abin da na daɗe ina nema ke nan, amma na kasa cin abinci. Rana ta biyar na aika kasuwa aka samo zuma, na jawo turmin Inna, na yi masa haɗin. Da muryar ta dawo ya shiga wanka ya ɗauki waƙa, ina tsaye da tsintsiya na saurara har ya gama. Tsoron bai tafi ba, har yau in ya ja murya sai in tuna tashar Pitowa. Na dai daina cewa maƙwabta na barci.

Kwalba biyu na haɗa, ɗaya ta Yaya ce, tana nan a naɗe. Don Allah, duk wanda zai tashi daga Garwa zuwa Faransa, inda yake yanzu, kafin sanyinsu ya shigo, ya biyo layin 'yan atamfa ya tambayi gidan da ɗansu ke waƙar Turawa, kowa ya sani. Ba ta da nauyi. A sa ta tsakiyar tufafi, a tsaye, kada a kwantar da ita.