Hantar da Gwaggo Ishbel Ta Ƙi Dafawa

Ranar Talata, sha tara ga Nuwamba, da hantsi, Murdo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, hularsa a hannu. Da ganinsa na san abin da ya kawo shi. Matarsa, Gwaggo Ishbel Rennie, ƙanwar mahaifina, ta cika a asibiti bayan jinyar wata biyar, tana da shekara saba'in da ɗaya.

Gwaggo, shekara arba'in ke kike dafa wa ƙauyen nan hagis, abincin kayan cikin tunkiya na bikin Janairu. A gabanki na koyi wanke tumbin tunkiya da ruwan gishiri, da rataya maƙogwaro a bakin tukunya don dattin huhu ya tsiyaye waje. Ki daddatsa zuciya da hanta da huhu, ki haɗa da kitse, albasa, masoro da gasasshen tsakin hatsin ots, ki ɗura a tumbi ki ɗinke. In na cika shi da yawa sai ki buge mini hannu: "Ke Effie, bar masa wurin numfashi, so kike ya fashe mana?" Dankali da nips kuwa, saiwar nan da ake ci da hagis, ba ki yarda wani ya kirɓa miki. Kuma kafin a zuba wa kowa, kin riga kin aika wa gwauraye da marasa lafiya nasu.

Shekara uku da suka wuce aka kawo miki kayan cikin tumakin da ke kiwo a gangaren tsohon ramin haƙar dalma. Kika tsaga hanta ɗaya, kika daɗe kina kallonta. Ta yi fari-fari, tana marmashewa a yatsa. Kika tsaga ta biyu da ta uku, duk haka suke. Sai kika kashe wuta.

Dod, mai tumakin, ya zo har ɗakin girki. "Haba Ishbel, tsufa ne ya fara taɓa miki ido? Tun zamanin kakana ake kiwo a wurin nan."

Kika ce, "Tun zamanin kakanka ruwan rafin da tumakinka ke sha yake fitowa ja? Kwashe kayanka, Dod. Ba da hannuna ba."

Ranar bikin, mutum tamanin suka ci dankali da nips zalla, suna harararki. Wasu sun yi shekara ba su gaishe ki a coci ba. Kin rubuta wa hukuma sau huɗu, aka zo aka ɗebi ruwa a kwalba, shiru har yau.

Da na je duba ki a watan jiya, idanunki sun yi rawaya. Kika riƙe hannuna kika ce, "Abin da ke damuna, Effie, shekarun da ban lura ba. Ni na ɗanɗana kowace tukunya, amma ku duka na zuba wa." Likitoci ba su ce rafin ne ba, ba su kuma ce ba shi ba ne. Tumakin suna can suna kiwo. Matar Dod ta kwanta rashin lafiya tun farkon kaka.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya yafe miki, ya sa kin huta. Ina yi wa Murdo ta'aziyya, da 'ya'yanku Catriona da Lachlan. Allah ya ba su haƙuri. Ranar Litinin ni da Murdo za mu je a ɗebi jininmu. Allah ya sa mu ji alheri.