Illo Mai Lam da Motar Rake

Duk mai a-kori-kura a Matameye ya san rumfar Illo da ke bayan tasha. Ɗan maƙera ne. Ubansa garma da lauje ya ƙera, shi kuwa ya koma kan lam, wato faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa a ƙarƙashin mota su ɗauki nauyinta. In lokacin rake ya zo, direbobi har layi suke yi, kuma buƙatarsu ɗaya ce: a ƙara lam, mota ta yi tauri, ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta. Illo yana ƙarawa, ba a kuma taɓa jin aikinsa ya karye a hanya ba.

Abu guda ake yi masa dariya a kai. In ya gama gyara, ba ya zama gaba kusa da direba. Baya yake hawa, ya kwanta rigingine a kan ƙarfe, ya ce a ja. Ya fara haka ne tun shekarar da ya rungumo ƴarsa Anisa a bayan wata motar rake za su asibiti, ba su isa da ita da rai ba. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan dalilin ba. Cewa yake yi gadon baya ya fi kunne jin mota.

Wata Talata Alhaji Zainulabidin, dillalin rake, ya tsaya da motarsa a bakin rumfar ko gaisuwar kirki babu.

"Illo, ƙara mata bibbiyu. Gobe za ni wajen Kurni."

"Rake a wannan watan, Alhaji?"

"Ba rake ba ne. Hajiya ce."

Mahaifiyarsa, Hajiya Najaha, ta faɗi a ƙauye ƙugunta ya karye. Sun ɗora ta kan katifa a bayan motar, amma ko garin ba su fita ba ta yi ta salati saboda azaba, ta ce a mayar da ita ɗakinta ta mutu a can. A ganin Alhaji, rashin ƙarfi ne ya sa motar jijjiga.

Illo ya leƙa ƙarƙashi. "Nauyin tsohuwar ya kai damin rake nawa?"

"Kai Illo, uwata ce fa!"

"Shi ya sa na tambaya. Motar nan sai ta ji lodin rake a kanta take ladabi. Ka ɗora mata tsohuwa ɗaya, ai sheƙe ta za ta yi kamar tsaba a faifai."

Ya ɗaga motar, ya shiga zare lam ɗin da shi da kansa ya ƙara bara. Direbobin da ke shan shayi a gefe suka ce yau Illo ya fara cin amanar sana'a. Alhaji ya kasa zama.

"Na zo a ƙara, kana ragewa. In cikin motar ya zauna a rairayi fa?"

"Ba zai zauna ba."

Sauran ƙarafan ya ɗora kan maƙera, ya bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya har suka ƙara lanƙwasa, motar ta tashi sama ba tare da ta yi tauri ba. Ya shafa man giris a tsakaninsu, ya canja amortiso masu shanye jijjiga, ya rage iskar taya, ya jera buhunan yashi daidai kan ƙafafun baya. Sannan ya kwanta ya ce a ja ta hanyar lambuna. Ya dawo bai gamsu ba, ya sake kwance ɓangaren hagu.

Washegari ya bi Alhaji ƙauyen. Hajiya ta dube shi daga kan tabarma.

"Wannan kuma wane ne? Likita?"

"Maƙeri ne, Inna," in ji Illo.

"Maƙeri zai gyara mini ƙugu? Ni fartanya ce?"

"Shimfiɗa kawai na gyara miki. Ina nan kusa da ke. In kin ji zafi kafin mu wuce rijiya, ki ce a tsaya, ni zan dawo da ke ɗaki."

Sai ta ce a kawo mayafinta.

Suka wuce rijiya. Suka gangara fadama, suka hau tudun rairayi, motar tana lilo a hankali kamar kwalekwale. Illo na zaune a gefen katifa, idonsa a kan fuskarta. Ta cije leɓe a wani rami, amma ba ta ce a tsaya ba. Da suka hau kwalta, hanyar Damagaram ta miƙe a gabansu, sai ta buɗe ido.

"Kai maƙeri, gaya wa Zainu ya taka motar nan. Ba amarya ya ɗauko ba, asibiti za ni."