Inda Kwamfuta Ta Ce A Ajiye Inbata

Abdulrasheed mutumin Tumfure ne a Gombe, injiniyan lantarki mai digiri biyu, wanda ko gaisuwa kuka yi sai ta ƙare a zancen wuta. Bincikensa a kan tsara wayoyi ne su ɗauki wuta iri biyu, ta layi mai kai-komo da ta sola mai tafiya miƙe. Inbata ce ke sulhunta su, kuma duk fasahar, in ji shi, ita ce sanin inda za a ajiye ta don kada wuta ta zurare a hanya.

Da maƙwabtansa suka haɗa kai za su sa sola ta bai ɗaya, ya ce ranarsa ta zo. Ya auna layin unguwarsu gida-gida, ya zuba wa kwamfuta, ya bar ta tana gwada dubban tsare-tsare tana watsar da marasa kyau. Sau da yawa akan ɗauke wuta kafin ta gama, ta koma farko. Ranar da ta gama, sai ta nuna garken awakin Alhaji Wakil, ɗan Borno mai sayar da huluna.

"Injiniya, awakina fa?" in ji Alhaji.

"Lissafi bai san akuya ba, Alhaji."

"To, ka koya masa."

Ya koya masa. Sai Onwuka mai walda ya ce injinsa wutar layi yake so. Rahinatu mai ƙanƙara ta ce firjinta ba zai jira fitowar rana ba. Liman ya ce kada waya ta bi ta saman masallaci. Hatta Sadiƙa, matar Abdulrasheed, ta ce ƙugin inbata ba zai zauna kusa da tagarta ba. Duk ya shigar, bai musa wa kowa ba. Kwamfuta ta yi ta nazari, ta ce wuri ɗaya ne ya gamsar da kowa: tsakiyar wata gonar masara can bayan gari, inda babu gida ko ɗaya.

Ya kai wa taron unguwa amsar yana fara'a. Aka yi masa tafi, aka shafa addu'a, aka watse. Ba a jima ba kowa ya sayo farantin solarsa ya ɗora a rufi, wayoyi suka cakuɗe kamar taliya.

Abin ya ci masa rai, har ya daina fita hira. Daga baya aka gayyace shi taron masana a Abuja, ya gabatar da tsarin, suka ba shi lambar yabo. Da labarin ya iso Gombe, mutanen wani layi a unguwar Shamaki suka zo neman ya tsara musu nasu. Ya ɗauko tef ɗin awo ya bi su.